Bayan Fure

Malami direba ne ya kawo mini ita daga Jos
a cikin kwalin sabulu, ba ƙasa, ba tukunya, ba saiwar kirki.
Ya ce, "Inna, wagga iska take ci."
Na ce, to mun zama mu biyu ke nan a Mabera,
tunda fansho ya koma sai an tuna da mutum.

Na rataye ta da igiyar kaba a ƙarƙashin rumfa
inda haske ke shiga a kaikaice,
don ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba.
Duk Litinin da Alhamis
nakan tsoma ta a ruwan randa wanda ya kwana,
ta jiƙa gwargwadon dahuwar shinkafa,
in girgije ta, in kifa ta a kan faifai, kai a ƙasa,
kada ruwa ya kwanta mata a ƙirji ta ruɓe.

Shekara biyu ba ta ce mini uffan ba.
Sai a tsakiyar bazara,
ranar da ƙadangare ma ya ƙi hawa katanga,
ganyenta ya yi ja kamar an ƙunsa mata lalle,
ta turo fure siriri, launin makuba.
Kulu ta leƙo ta zaure ta yi salati.
Yaran unguwa suka zo da wayoyinsu.
Kwana tara.
Daga nan kowa ya kama gabansa.

Aka bar ni da busasshen kara.
Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa,
na san irin wannan shirun:
an ci suna, an naɗe tabarmi,
mai jego tana ɗaka, ba mai tambayar ko ta kurɓi kunu.

Na ɗauko tsohon almakashina mai tsatsa a kunne,
na wanke shi da ruwan zafi kamar dā,
na datse karan furen daga gindi,
kada ta yi ta shayar da abin da ya riga ya tafi.
Ban rage mata ruwa ba.
Ban canja mata wuri ba.

Mako na shida, ina cikin kifa ta,
yatsana ya ci karo da wani abu a hammatarta,
ɗan tsiro, bai kai ƙwallon dabino ba.
Na juya ta, ga wani.
Tagwaye, ba naƙuda, ba kuka.

Lubabatu jikata ta ce, "Kaka, ɓalle mini ɗaya
in tafi da shi makaranta."
Na buge hannun.
Sai ya kai sulusin uwarsa, yarinya.
Na ga abin da gaggawa ke yi wa cibiya.

Yanzu uwar ce ke janyewa.
Ganyen waje ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa,
ina cire wanda ya saki da kansa kawai,
wanda ya riƙe, in bar shi.
Malami ya zo gaisuwa, ya dube ta, ya ce,
"Wagga kam ta gama, a yar."
Na ce masa ya sha furarsa.

Jiya na tsoma su, su uku.
Yaran suka nitse da nauyinsu,
ita kuwa ta yi ta yawo a saman ruwa
kamar ɓawon gyaɗa.
Na sa babban yatsa na danne ta a hankali
har ta sha.

Da la'asar iska ta taso daga wajen Rima
ɗauke da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari.
Igiyar ta juya, ta sake juyawa.
Lubabatu za ta dawo hutu bayan Salla,
almakashin yana nan a kan taga,
har yanzu ban yanke shawara ba.